Daga Fito Zuwa Duwan: Abin da Haraji Ya Yi wa Fataucinmu, da Abin da Muka Yi wa Kanmu

'Yan'uwa, da kwamitin shirya bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ya ɗora mana rubuta tarihi a wannan fitowa ta musamman, abin da aka zata za mu kawo shi ne jerin shugabannin da suka gabata da hotunan ranar buɗe ofis. Waɗannan suna wasu shafuka. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya. Mu dai da muka buɗe littafin bayanan taro tun daga na farko, sai muka tarar magana biyu ce ba ta taɓa ɓacewa daga ajanda ba. Ta farko, kuɗin da ake karɓa a hannunmu, a ofis da bisa hanya. Ta biyu, rigimar cikin gida: abokan haɗin gwiwa da suka ɓata a kan lissafi, ko magada da suka zo neman sulhu bayan rasuwar mai gida. Mun saba ɗaukar ta farko laifin gwamnati, ta biyu kuma ƙaddara. Tarihin sana'ar nan ya nuna igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma igiyar ta girmi ƙungiyarmu, ta girmi iyakar kanta.

Mu fara da ayarin goro. A ƙarni na 19 fatake kan tashi daga ƙasar Kano da sauran garuruwan Hausa su nufi Gwanja, wato kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yau. Jakuna na ɗauke da kanwa da turkuɗi da kayan fata, a komo da goro. Tafiya ce ta watanni, ayari guda kan kai mutum ɗaruruwa, wani lokaci ya haura dubu. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a harkar. Tsakanin Kano da Salaga akwai kogin Kwara da za a haye, akwai ƙasar Bargu, akwai sarakuna manya da ƙanana, kowanne da abin da yake karɓa kafin ya ba da hanya. Shi ne fito da garama. Abin dariya, kalmar fito da kakanninmu ke nufin kuɗin da aka biya a fili da ita, yau idan aka ce wane ɗan fito ne, kowa ya san kayansa ba da rana suke tsallakawa ba.

Abin lura shi ne yadda ake biyan. Ba kowane falke ke zuwa gaban sarki shi kaɗai ba. Madugu ne ke magana da yawun kowa, shi ke ciniki har a tsaya a kan adadi. Jagaba na gaba yana duba hanya. Uban dawaki ke tattara kason kowa gwargwadon yawan kayansa. Malamin ayari kuma, bayan limanci, shi ke riƙe da alƙalami. Ashe ayari kamfani ne mai tafiya da ƙafa, da shugabansa da ma'ajinsa da magatakardansa. Sarkin da ya tsawwala kuɗi kuwa yana iya cin riba shekara ɗaya, badi ya ga ƙura ta tashi ta garin maƙwabcinsa. Ƙarfin fatake a gaban mai karɓar haraji daga abu biyu yake: bakinsu ɗaya, kuma suna da wata hanyar.

A cikin gida ma haraji tsohon zance ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da ƙwace wa matafiya dabbobin ɗaukar kaya cikin abubuwan da ya zargi sarakunan wancan zamani da su. Da matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana karɓar kuɗin ƙasa wuri 2,500 a kan kowane magidanci, wuri 600 a kan kowane icen dabino, da kuɗin karofi wuri 700 a kan kowace rijiyar rini, ya kuma ce rijiyoyin sun haura 2,000 a cikin birni kaɗai. Ku buga lissafin, marina kawai na kawo abin da ya wuce wuri miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Mun daɗe muna tunani a kan wannan jeri. Duk abin da ke cikinsa abu ne da ake iya ƙirgawa, kuma ba ya gudu. Rijiyar rini tana nan inda aka haƙa ta. Jaki kuwa yana da ƙafa huɗu. Duk gwamnatin da ta zo bayan nan sai da ta koyi wannan karatu da kanta, wasu ma har yau ba su haddace ba.

Turawan Ingila ne suka fara tuntuɓe da shi. Bayan sun ci Kano da Sakkwato a 1903, gwamnatin Lugga ta tsayar da kuɗin ayari: kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardi da aka ratsa, har zuwa kashi 15. Kuɗi ya shigo, ba laifi. Amma fatake suka koyi kewaye tashoshin karɓa, kamfanonin Turawa da kansu suka yi ta kuka cewa abin na kashe musu ciniki. A 1907 aka soke shi. Daidai lokacin, tsakanin 1906 da 1908, tawagar Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ke bin daji suna kafa alamomi 148 a kan iyakar da ta kai kimanin kilomita 1,500. Layin ya bar Maraɗi a arewa Katsina a kudu, ya raba Tsibiri da Sabon Birni, ya bar Ƙonni tana hangen Illela. Faransawa da ke Damagaram suka ga duk ciniki Kano yake gangarawa, sai suka jera ofisoshin duwan a bakin iyakar a shekarun Yaƙin Duniya na Farko. Abin bai biya kuɗin sabulu ba, a 1918 suka janye su. Abin da ya fi korar mutane ma shi ne lanho da aikin tilas. Magidanta da yawa sun kwashe iyali da dare sun koma ɓangaren Ingilishi, kuma ba a soke aikin tilas a ƙasashen Faransa ba sai 1946. Da yawa daga cikinmu da ke da dangi a ɓangarorin biyu, idan aka bi salsala, wani kaka ne ya guje wa mai karɓar lanho.

Akwai abu guda daga wancan zamani da ya kamata mu tsaya a kai, domin shi ne gadar da ta haɗa maganganunmu biyu. Shi ne Baitulmali. Kafin a kafa shi, haraji kan bi hannu da yawa: dagaci ya tara, jakada ya ɗauka, hakimi ya cire nasa, abin da ya isa fada kuma babu mai rarrabe na sarki da na jama'a. A Katsina aka fara gwada sabon tsari, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, daga nan ya bazu zuwa sauran masarautu wajen 1911. Aka yanka wa sarki da hakimai albashi, aka naɗa ma'aji da littafi, aka riƙa tsara kasafin shekara, ana zuwa duba lissafi. Ba mu ce Turawa sun yi haka don ƙaunarmu ba, domin kaso mai tsoka su ke ɗauka. Amma sakamakon a bayyane yake. Da kuɗin En'e aka kawo wa birnin Kano ruwan famfo da lantarki a farkon shekarun 1930. Talakawan nan dai su ne, gonakin su ne. Abin da ya canja shi ne an ɗinke aljihun sarki daban, asusun jama'a daban. To mu tambayi kanmu, a gidajen kasuwancinmu nawa ne aka raba aljihun Alhaji da asusun shago? Kuɗin cefane, kuɗin kujerar Makka, kuɗin auren 'ya, kuɗin sarin kaya, duk daga durowa ɗaya suke fita, kuma mabuɗinta na wuyan mutum ɗaya.

Jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912. Turawa auduga suka sa rai, manoma suka ba su gyaɗa, domin ita ke kawo kuɗin da za a biya haraji, kuma idan shekara ta ƙi ana iya cinta. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, sai suka nemi tsofaffin fataken goro su zama wakilan saye. Cikinsu akwai Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda ya yi zaman Gwanja da Akara kafin ya dawo Kano. Ya zama wakilin Kamfanin Neja a 1918, kuma da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, labarin raƙuma 20 na kuɗin azurfa da ya kai ajiya har yau ana ba da shi. Amma a ganinmu ba raƙuman ne abin mamaki ba. Attajirai da yawa sun yi zamani da shi, wasu sun fara tara dukiya kafin shi. Ina gidajensu? Sunan wasu ya rage a kan lungu ko masallaci, kasuwancin kuwa an binne shi tare da mai shi. Ɗantata ya rasu a 1955, ya bar kamfani mai suna da ma'aikata da littattafai, ya kuma yi wa 'ya'yansa wasiyyar su riƙe shi tare. Shekaru saba'in ke nan zuri'ar na cikin kasuwa, Aliko Ɗangote ma tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Kada a juya mana magana. Rabon gado haƙƙi ne, babu mai taɓa shi. Abin da muke cewa shi ne, ana iya ba kowane magaji kasonsa cikin hannun jari ba tare da an sayar da tirela an raba kuɗin taya ba. Kuma ko rabon ma ba ya yiwuwa da adalci idan babu rubutu. Sau nawa kwamitin sulhu ya zauna da marayu, yaron shago na cewa marigayi na bin wane bashi, wane na rantsuwa ya biya, mai shaidar kuma yana kabari? Tsohon tsarin mai gida da dillali a zango ya tsaya ne bisa amana da sanayya, kuma ya yi aiki ƙwarai, har bashin dubban goro ake bayarwa da baki. Rauninsa ɗaya ne: rumbun bayanan duka yana cikin kan mutum guda.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka shigo da wani haraji wanda ba a kira shi haraji ba. A Najeriya an kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, ta koma hannun Jihar Arewa a 1954. A Nijar aka kafa SONARA a 1962. Hukuma ke yanka farashin da za a biya manomi, ita kaɗai ke fitar da kaya waje, bambancin kuma ya shiga asusunta. Da irin wannan rara aka sa jari a masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, don haka ba za a ce kuɗin duk iska ta kwashe ba. Sai dai farashi biyu a ƙasa ɗaya mai yare ɗaya gayyatar jaki ce. Shekarar da Nijar ta fi biya, gyaɗar Daura da Kazaure ta kwana a Magarya. Shekarar da Najeriya ta fi, buhunan su juyo. Kowace hukuma ta riƙa ƙirga gyaɗar maƙwabciyarta a matsayin noman ƙasarta. Fari na 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka rushe dalar, a 1986 Najeriya ta rufe hukumomin cinikin amfanin gona, SONARA ma ba ta daɗe ba ta durƙushe.

A nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya game da bankin raya ƙasa na Nijar, BDRN. Shi ne ya ɗaga Alhazai da yawa a shekarun da kuɗin uraniyom ke gudana. Ya rushe a 1990 saboda basussukan da ba a biya ba, aka kafa SONIBANK a gurbinsa. An ba da rance don sanayya da kusanci da masu mulki, ba don an duba littafin mai karɓa ba, kuma cikin waɗanda suka ci ba su mayar ba akwai 'yan kasuwa irinmu. Wa ya biya? Baitulmalin ƙasa, wato mai biyan patanti, da ƙaramin ɗan kasuwar da ya zo neman rance daga baya aka nemi ya kawo takardar gida da ta gona.

Zamanin da yawancinmu muka buɗe ido a ciki ya faro ne da yaƙin basasar Najeriya, 1967 zuwa 1970, lokacin da hanyoyin kudu suka rikice, 'yan kasuwar Maraɗi suka gano ribar shigo da kaya ta Kwatano da Lome. Daga nan duk abin da Najeriya ta haramta ko ta lafta wa kuɗin fito, taba sigari, atamfa, gwanjo, shinkafa bayan haramcin 1985, daga baya motoci, sai ya sauka a sito a Maraɗi ko Ƙonni ko Damagaram. A ɓangaren Nijar halal ne, an biya duwan, an karɓi rasit, gwamnati ta samu kuɗin shiga mai kauri. Taku kaɗan zuwa kudu ya zama fasa-ƙwauri. Ta ɗaya hannun kuma fetur da taki masu tallafin gwamnatin Najeriya na haurawa arewa a jarka da buhu. Wasu cikinmu sun gina gidaje da wannan, ba sai mun nuna yatsa ba. Amma mu duba abin da ya biyo baya. Baitulmalin Najeriya bai samu ko kwabo daga kayan da ya haramta ba, alhali kayan na shiga kullum. Kuɗin da ya kamata ya karɓa ya koma hannun mai tsaron shinge. Haramcin da ba a iya tsarewa haraji ne shi ma, sai dai ba shi da rasit kuma ba ya gina hanya. Masaƙun Kaduna da Kano kuma suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, mafi girmansu a Kaduna ta tsaya a 2007. Rashin wuta da tsadar man injin na cikin dalilai, amma atamfar da ta biyo ta daji ma na ciki. Dubban ma'aikatan da aka sallama su ne masu sayen wakenmu da albasarmu da ragunan layya.

Idan abin ya ishi gwamnati sai ta rufe ƙofa gaba ɗaya. An rufe a Afrilun 1984 tare da canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai Maris na 1986, ya kuma haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El Buhari. An sake rufewa a Agustan 2019 har zuwa 16 ga Disamban 2020, ranar da aka buɗe Illela da Maigatari tare da wasu biyu a kudu. An kuma rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai Maris na 2024 motoci suka sake motsi. Mu yi adalci: a rufewar 2019 hukumar kwastan ta ce kuɗin shigarta ya ƙaru saboda kaya sun koma tashoshin ruwan Legas, kuma injinan casar shinkafa sun yawaita a Kano. Amma farashin abinci ya hau, albasar Galmi ta ruɓe a cikin mota, kasuwar Alhamis ta Maigatari ta yi sanyi. Wanda ya fi shan wuya shi ne ɗan ƙungiya mai takardu cikakku, domin tirela ba ta bin burtali. Yaro mai babur da buhu biyu kuwa kuɗin aikinsa ninkawa ya yi. Kowace rufewa ta hukunta mai bin ƙa'ida, ta yaye sababbin 'yan fito.

Me ya sa gwamnatoci suka iya yin haka ba tare da tuntuɓarmu ba? A fahimtarmu, don sun daina dogaro da mu. Man fetur ya cika baitulmalin Najeriya, uraniyom ya cika na Nijar na ɗan lokaci. Gwamnatin Seyni Kunce ta soke lanhon kai a ƙarshen shekarun 1970, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna bayan sun hau mulki a 1979. Talaka ya huta, kuma ya cancanci hutun. Sai dai sarkin da ke cin garama dole ya share hanya ya kori 'yan fashi, in ba haka ba ayari ya sauya gari. Wanda abincinsa ke fitowa daga rijiyar mai babu ruwansa da inda ayari ya bi. Yanzu wannan zamani ya wuce. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Najeriya sun nuna harajin da aka tara a 2021 bai kai kashi 11 cikin 100 na arzikin ƙasa ba. Ƙasashen sefa sun sa wa kansu burin kashi 20, Nijar na nesa da shi. Najeriya ta ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020, na TVA a Nijar kashi 19 ne. Mai karɓar haraji na dawowa kasuwa, ko mun so ko mun ƙi. A 2005, da gwamnatin Nijar ta ɗora TVA a kan fulawa da madara da sukari da ruwa da wuta, rufe kasuwanni da jama'a suka yi baki ɗaya ya sa ta ja da baya cikin 'yan makonni. Ana jin maganar masu biyan haraji idan sun zo a matsayin ayari.

To da me zai same mu idan ya zo? Inda babu littafi, jami'i kan dubi girman shago da motar da ke ƙofa ya yanke adadi da ka. Sai a shiga ciniki, a rage, wani abu ya shiga aljihu, ɗan abin da ya rage ya isa asusun gwamnati. Mun biya da yawa, ƙasa ta samu kaɗan, badi kuma a sake daga farko. Alhali dokokin da za su taimake mu suna nan. Dokar kuɗi ta 2019 a Najeriya ta yafe harajin riba a wancan lokacin ga kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba, amma sai mai rajista da ke miƙa lissafi ne ya iya cewa ya cancanta. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yin rajistar kamfani shi kaɗai. A Nijar dokokin OHADA sun daɗe da yarda da haka, a 2010 ma suka ƙara wani matsayi mai sauƙi don ƙananan 'yan kasuwa. Tun 1998 dokar Najeriya ta hana kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Tsarin ECOWAS ya ce dabbobi da amfanin gona su wuce ba kuɗin fito. Ku tambayi direban da ya ɗauko shanu daga Ɗan Isa zuwa Legas sau nawa ya sa hannu a aljihu.

Mun san tsoron da ke zukatan wasu, kuma ba tsoron banza ba ne. Akwai ɗan'uwanmu da ya yi rajista, ya samu lambar haraji, sai baƙi masu jaka suka fi yawa a shagonsa fiye da da, maƙwabcinsa marar takarda na zaune lafiya. Wannan na faruwa. Amma shi ne kuma, da aka aiko masa adadin da ya wuce hankali, ya ɗauki littafinsa da takardun banki ya je ya ƙalubalanta, aka rage. Marar littafi ba shi da abin ɗauka sai hularsa.

Mu kanmu mun sha wannan kunya a matsayin ƙungiya. Wata shekara muka yi tawaga zuwa wani babban ofis da kukan yawan shingaye. Aka karɓe mu da mutunci, aka kawo ruwa. Da muka gama bayani sai mai ofishin ya ɗauki biro ya ce, “Alhaji, shinge nawa ne? A ina da ina? Nawa ake karɓa a kowanne, kuma wace rana?” Muka dubi juna. Kowa na da labari, babu mai takarda. Muka fito da alkawarin za a duba, har yau ana dubawa. A hanyar komawa wani dattijo cikinmu, Allah ya jiƙansa, ya ce ko ayarin jakuna yana tafe da malaminsa.

Kuma kafin mu nemi gwamnati ta karanta mana abin da ta yi da kuɗinmu, mu tuna akwai shekarun da aka yi babban taro aka watse ba a karanta lissafin kuɗin ƙungiya ba. Ba mu zargi kowa da ci ba. Wataƙila ko sisi bai ɓata ba. Amma tun daga lokacin biyan kuɗin wata ya ja baya, waɗanda suka daina biya kuma ba talauci ne ya hana su ba. Abin da muke yi wa gwamnati idan ba mu ga aiki ba, shi 'yan ƙungiya suka yi mana.

Lokacin kuma ba na jira ba ne. Tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS. An ce a ci gaba da mutunta takardun tafiya da sassaucin kuɗin fito kafin a cimma sabuwar yarjejeniya, wato dai ƙa'idojin da za su mallaki hanyar Jibiya da Kwangwalam da Illela nan gaba yanzu ake tattauna su. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971 tana nan a Yamai, kuma tana da ƙofa. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai kimanin kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Duk ranar da ya fara aiki, tarago ba zai ɗauki kaya da sanayya ba. Za a nemi sunan kamfani, lambar haraji, nauyi da daraja. Jirgin 1912 ya zaɓi waɗanda kamfanoni za su iya ba kuɗi su dawo da lissafi, sauran fatake suka zama yaransu.

Saboda haka kwamitin zartarwa zai gabatar da ƙudurori a babban taron bana. Kuɗi ba zai fita daga asusun ƙungiya ba sai da hannun mutum biyu. Za a ɗauko mai binciken kuɗi daga waje, wanda ba ɗan ƙungiya ba kuma ba surukin kowa ba, a karanta rahotonsa da Hausa a gaban kowa. Za a sa wa'adi ga kujerar shugaba da ta ma'aji. Akwai masu ganin maganar wa'adi rashin kunya ce ga dattawa, kuma za a ba su dama su faɗi hujjarsu kafin a ɗaga hannu. Ofishin sakatare zai riƙa zama da duk mai son yin rajista ko rubuta yarjejeniyar haɗin gwiwa, kowace Asabar bayan la'asar.

An kuma buga ƙananan littattafan hanya, daidai aljihun gaba na riga. Kowane shafi na da gurbin kwanan wata, sunan wuri, irin kayan sarkin da ya tsayar da mota, abin da aka karɓa, da ko an ba da rasit. Ba a buƙatar sunan kowa. Kowane mai mota ya karɓa wa direbansa ɗaya a teburin shiga ranar biki, a mayar da shi ofis ƙarshen kowane wata. Direban da ba ya boko ya rubuta da ajami, akwai mai karantawa.